Mamana, ki kai labarin nan ƙarshe

Assalamu alaikum Mamana, ya karatu, ya sanyin Zariya? Ummanki ce ke faɗa min wai bana ma baki tura labarinki gasar Hikayata ta BBC Hausa ba, karo na biyu kenan, kuma ba wai baki rubuta ba ne, shafin farko ne bai miki ba kike ta gogewa kina sakewa har aka rufe karɓa. Wallahi abin ya tsaya min a rai shi yasa na kasa haƙuri sai kin dawo hutu.

Halin nan a wurina kika ɗauko shi. Tun kafin a haife ki wani bawan Allah ya kawo min shadda in masa aikin aska takwas na babbar sallah, na zana na fara ɗinki, sai naga kamar askar farko ta ɗan karkace, na farke, na sake, na kuma farkewa, sau huɗu, har shaddar ta fara yin huji a bakin aljihu saboda shigar allura. Ranar sallah tsohuwar rigarsa ya saka yaje idi, ni kuma na biya kuɗin yadi, garin neman gira na rasa ido. Kuma karkatar nan in ba ni ba babu mai lura da ita.

Maigidana da ya koya min sana'a sai ya hana ni taɓa reza sai na gama gaban riga gaba ɗaya, kuma a nan na gane ashe wani abin da nake kira kuskure idan sauran zanen ya kewaye shi zama yake daram, wanda ya ɓaci da gaske kuma sai an gama ake ganinsa sosai. Ta yaya zaki san buɗewar da ta dace da labarinki alhali ke kanki baki ga inda ya ƙare ba?

Gasar nan tun 2016 ake yinta, matan da suka ci kuwa abin da suka gama suka tura. Dan Allah ki ajiye wayar nan mai saurin gogewa, ki samu littafi da biro ki rubuta har ƙarshe ko da bai miki daɗi ba, ki rufe shi sati guda sannan ki ɗauko ki gyara. In kin zo hutu ki taho da shi ki karanta min a shago ina aiki.

Allah ya miki albarka. Ummanki na gaishe ki.

Abbanki