Amsa ga mai tambaya: bar burauza ta yi gadin kanta

Assalamu alaikum Malam,

A bainar jama'a ka yi mini tambaya, don haka a nan zan ba ka amsa. Ka ce manhajar riga-kafin (antivirus) da kuka sanya wa kwamfutocin shagonku ba ta zo da ƙaramar manhajar nan da ake maƙala wa burauza ba, wadda ke sanya koren maki ko ja a gefen sakamakon bincike, tana cewa wannan shafi lafiya lau, wancan kuwa a guje shi. Kana ganin gazawa ce, kuma ya kamata kamfanin ya ƙara ta kamar yadda takwarorinsa suka yi. Ni ban ga gazawa ba. Da kamfanin zai nemi shawarata, ce masa zan yi ya ci gaba a haka.

Aikin da kake so a yi maka, ana yin sa tun kafin ka sayi komai. Jan shafin gargaɗin da ke tare ka idan ka nufi shafin damfara daga Safe Browsing na Google yake, kuma Chrome da Firefox da Safari duk da shi suke aiki. Edge kuma tana da SmartScreen na Microsoft. To maƙalalliyar nan mai gadi na biyu ce a ƙofar da ke da mai gadi, sai dai ita ba ta yarda ta tsaya a zaure ba, makullin kowane ɗaki take nema. Duba izinin da take buƙata ranar da za a sanya ta: ta karanta, ta kuma iya sauya, duk abin da ke kowane shafin da ka buɗe. Shafin bankinka na ciki, imel ɗinka na ciki, haka ma fom ɗin da wani yaro ya zo cikewa a shagonku da lambarsa ta NIN.

Za ka ce ai kamfanin tsaro ne, wa za a amince wa in ba shi ba? Mu duba abin da ya riga ya faru. A watan Disambar 2015, Tavis Ormandy, mai bincike a Google, ya gano cewa maƙalalliyar Web TuneUp, wadda kamfanin riga-kafi na AVG ke cusa wa Chrome idan mutum ya sanya riga-kafinsa, ta bar tarihin yawon masu amfani da ita a buɗe ga duk shafin da ya san yadda zai nema. Mutum kusan miliyan 9 ke da ita a lokacin. Wannan sakaci ne, ana iya cewa kowa na kuskure.

Na Avast kuwa, shi ma kamfanin riga-kafi, ba sakaci ba ne. A ƙarshen 2019 Wladimir Palant, wanda ya ƙirƙiri Adblock Plus mai toshe tallace-tallace, ya nuna cewa maƙalallun Avast da na AVG (Avast ya saye AVG tun 2016) suna aika wa kamfanin bayanan da suka wuce abin da tsaro ke buƙata nesa ba kusa ba. Mozilla mai Firefox da kamfanin burauzar Opera suka cire su daga rumbunansu a watan Disamba. A Janairun 2020 'yan jaridar Motherboard da PCMag suka bankaɗo inda bayanan ke zuwa: wani reshen Avast mai suna Jumpshot ke sayar da su. Kafin watan ya ƙare aka rufe reshen. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ɗora wa Avast biyan dala miliyan 16.5, ta ce ya sayar wa kamfanoni fiye da 100 bayanan da za a iya gane addinin mutum, da ciwon da ke damunsa, da halin aljihunsa daga cikinsu. Abin takaicin, da alƙawarin kare mutane daga masu bin sawunsu a intanet aka tallata kayan.

Akwai kuma manhajojin riga-kafi masu bi ta ɓarauniyar hanya, su kwance rufin sirrin da ke tsakaninka da shafi don su leƙa ciki, sannan su sake rufewa da takardar shaidarsu. Binciken 2017 da masana daga Jami'ar Michigan da Google da Mozilla da Cloudflare suka yi ya nuna yawancin riga-kafin da ke yin haka raunana tsaron suke yi.

Ban ce maƙalalliya ba ta da amfani ko kaɗan ba. Kamfani na iya samun labarin sabon shafin damfara kafin Google, wannan gaskiya ne. Amma yana iya toshe sunan shafin daga kwamfutar kanta, ya kuma binciki duk fayil ɗin da aka sauke, ba tare da ya zauna cikin burauza yana karanta wasiƙun mutane ba. In kuma ya nace sai ya yi, to ya bar ta zaɓi, kada ta biyo riga-kafi a ɓoye, ya faɗi ƙarara abin da take aikawa gida, kuma cire ta kada ya jawo saƙon tsoratarwa kullum safiya.

Af, ka kuma tuna yawancin mutanenmu da waya suke shiga intanet, Chrome ta Android kuwa ba ta karɓar irin waɗannan maƙalallu sam. Mahaɗin tallafin bogi ko ɗaukar aikin ƙarya da ake yaɗawa a WhatsApp can yake cin mutane, inda koren makinka ba zai taɓa isa ba.

Game da shagonku, ga abin da zan ce ka yi. Buɗe jerin maƙalallun kowace burauza, duk wadda ba ka san wanda ya sanya ta ba, ka cire. Bar burauzar ta riƙa sabunta kanta ko da data za ta ci, kuma kada a bai wa masu zuwa aiki asusun da ke da ikon sanya manhaja.

Wassalam.