Sanarwa: Zaɓen ƴan wasa da maganar Dodgers

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Zaɓen ƴan wasan fantasi ɗinmu na besbol (gasar da kowa ke haɗa tawaga da sunayen ƴan wasa na gaske, yana samun maki bisa ƙwazonsu) ranar Asabar ne in sha Allah, ƙarfe 9 na dare agogon New York, a Yahoo. Don Allah kowa ya turo kuɗin shiga kafin Juma'a, ya kuma jera sunayen da yake so tun yanzu, wanda ya makara kwamfuta ce za ta zaɓar masa kuma ba gyara.

Na san kowa idonsa na kan Dodgers, kulob ɗin besbol na Los Angeles, tunda sun ci kofin World Series, wato wasannin ƙarshe na babbar gasar besbol ta Amurka, a 2024 da 2025, amma a kula, a Yahoo ana lissafa Ohtani, ɗan wasan Dodgers, a matsayin mutum biyu ne, mai bugu daban mai jifa daban, mai bugun shi ne wanda ya yi home run (bugun da ke ba mutum damar zagaye duk bes huɗu ya ci maki) 54 ya saci bes (rugawa zuwa bes na gaba ba tare da jiran bugu ba) 59 a 2024, shi kam ko ni na samu lamba ɗaya a layin zaɓe ba zan tsaya tunani ba wajen ɗaukarsa. Masu jifan Dodgers ne nake ɗar-ɗar da su, kulob ɗin na yawan hutar da su don wasannin neman kofi na Oktoba, mu kuma maki muke nema duk sati. A cikin masu jifan, Yamamoto na yarda da shi. Mai bugunsu Freeman ɗan 1989 ne, shekaru sun fara ja, kar a yi saurin ɗaukarsa.

Duk wanda ya gani ya amsa da "na gani". Allah ya kai mu lafiya, na gode.

Naku, admin