Matasan Holan da suka shiga sojan Hitler: maganar ta wuce "an yaudare su"

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na saurari shirinku na tarihi kan yadda Jamus ta ɗebi matasan ƙasar Holan aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, na kuma ji daɗin ganin kun taɓo fannin da ba kasafai ake jin sa da Hausa ba. Sai dai akwai inda ban gamsu ba. Mai gabatarwa ya yi ta nanata cewa farfaganda ce ta yaudari yaran, har mai sauraro zai ɗauka tsautsayi ne kawai ya afka musu. Ni kam ina ganin wannan sassauci ya yi yawa.

Jamus ta afka wa Holan ranar 10 ga Mayun 1940. Ranar 14 ga watan jiragenta suka ragargaza tsakiyar birnin Rotterdam, washegari sojojin ƙasar suka miƙa wuya, Sarauniya Wilhelmina kuwa tana gudun hijira a Landan. Kowane saurayi a ƙasar ya san wanda ya yi wannan aika-aika. Shi ya sa masu neman 'yan sa-kai suka gane cewa in suka fito fili suka ce a zo a yi wa Jamus yaƙi, ba za su samu mutane da yawa ba. Rundunar 'yan sa-kai ta Westland da Jamusawa suka kafa a 1940 ba ta cika yadda suka so ba. Kasuwarsu ba ta buɗe sosai ba sai da Hitler ya kai wa Tarayyar Sobiyet hari ranar 22 ga Yunin 1941, suka samu abin tsoratar da jama'a, wato kwaminisanci.

A duba ɗaya daga cikin fastocin da aka manna a bangayen garuruwa. Hoton soja ne sanye da hular kwano irin ta Jamus, rubutun kuma yana kiran mutanen Holan su tashi domin mutuncinsu da lamirinsu su yaƙi kwaminisanci, wai rundunar Waffen-SS, wato reshen soja na ƙungiyar SS ta jam'iyyar Nazi, na kiransu. Mutunci da lamiri aka ambata, ba a ambaci Rotterdam ba. Haka suka bi tarihin ƙasar suna tsintar abin da zai sosa zuciya. Sun maƙala wa 'yan sa-kan tsohuwar tutar Holan mai ruwan lemo da fari da shuɗi a hannun riga. Daga baya suka raɗa wa wata runduna sunan Michiel de Ruyter, jarumin sojan ruwan da ya gwabza da Ingila a ƙarni na 17, don a ce maƙiyin jiya shi ne na yau. Amma rantsuwar biyayya da yaran suka yi, ga Hitler suka yi ta, kuma da bakinsu suka furta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rawar da dattijo Hendrik Seyffardt ya taka. Tsohon babban hafsan hafsoshin sojan Holan ne, mutum mai furfura da ake ganin girmansa. Shi aka ɗora a kan Rundunar 'Yan Sa-kai ta Holan a Yulin 1941, domin uba ya ga sunansa ya saki jiki ya bar ɗansa ya tafi. An ba yaran fatan cewa hafsoshi 'yan ƙasarsu ne za su jagorance su, da suka isa sansanin horo a Folan sai suka tarar da Jamusawa ke juya komai, ga tsawa ga raini. A farkon 1942 aka jefa su fagen Volkhov kusa da Leningrad, cikin dusar ƙanƙara da fadama. Shi kuwa janar ɗin yana zaune a birnin Hague, bai taka fagen daga ba. A can gidansa 'yan gwagwarmaya suka harbe shi ranar 5 ga Fabrairun 1943, ya cika washegari. Ko gawarsa ba a bari ta huta ba, an sa wa wata runduna sunansa, ita ma aka murƙushe ta kusa da birnin Narva na Estoniya a Yulin 1944.

Ga kuma Gerardus Mooyman, ɗan shekara 19, wanda aka ce ya lalata tankokin yaƙin Sobiyet 13 a kudancin tafkin Ladoga a Fabrairun 1943. An rataya masa babbar lambar yabo, aka dawo da shi gida ana yawo da shi gari-gari, hotonsa a jaridu. A lura da lokacin: a farkon watan ne sojojin Jamus suka miƙa wuya a Stalingrad. Ana bukatar fuskar yaro mai murmushi don rufe wancan labarin.

Na yarda da ku cewa matsin ya yi tsanani. Gidan rediyon ƙasar yana hannun 'yan mamaya, Max Blokzijl, ɗan Holan mai yi wa 'yan Nazi farfaganda a rediyo, yana ta zuba wa jama'a zaƙin baki, kuma a Mayun 1943 aka umarci jama'a su miƙa akwatunan rediyonsu don kada su kama Radio Oranje, shirin rediyon gwamnatin Holan da ke gudun hijira a Landan. A wannan watan ne aka tilasta wa maza masu shekara 18 zuwa 35 yin rajistar aikin ƙarfi a Jamus. Ga albashi, ga tallafin iyali, ga alkawarin aikin gwamnati ko gona a gabas bayan yaƙi. Talaka marar aiki ko yaron da ya ɓata da iyayensa zai iya ruɗuwa, ban musa ba.

To amma Edita, a yi lissafi. Mutanen Holan sun kusa miliyan 9 a lokacin, duk bangon nan ɗaya suke wucewa, rediyon nan ɗaya suke ji. Waɗanda suka shiga Waffen-SS ba su wuce 22,000 zuwa 25,000 ba. Ma'aikatan Amsterdam da suka tsunduma yajin aiki ranar 25 ga Fabrairun 1941 saboda kamen Yahudawa, su ma sun ga fastocin 'yan Nazi. Dubban samarin da suka ɓuya a gonaki da rufin gidaje don gudun aikin ƙarfi, su ma yunwa na cin su. Sannan da yawa daga cikin 'yan sa-kan, tun kafin su sa kaki 'yan NSB ne, jam'iyyar 'yan Nazin Holan ta Anton Mussert, aƙidar suka riga suka sha. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ba tankoki kaɗai suka harba ba. Rundunar Wiking ta Waffen-SS, wadda 'yan Westland ke cikinta, tana da hannu a kisan Yahudawa a yammacin Yukren a Yulin 1941. A cikin gida, 'yan Holan masu kakin SS sun yi gadin sansanin Amersfoort inda ake azabtar da 'yan ƙasarsu. Daga Yahudawan Holan kusan 140,000, an kashe wajen 102,000. Shirinku bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, alhali shi ne aikin da fastocin ke neman ma'aikata dominsa. Idan aka ce "an yaudare su" aka yi shiru, an ba mai bindiga uzuri, an manta da wanda aka harba.

Bayan yaƙi kotunan Holan ba su karɓi wannan uzuri ba. An ɗaure dubbai, an ƙwace musu shaidar zama 'yan ƙasa saboda shiga sojan maƙiyi, an harbe Blokzijl a Maris ɗin 1946, Mussert kuma a Mayun shekarar.

Roƙona shi ne ku ƙara kashi na biyu a kan wannan batu, ku ba waɗanda suka ƙi amsa kiran nasu lokacin, ku kuma faɗa wa masu sauraro abin da 'yan sa-kan suka aikata bayan sun sa kakin. Allah ya ƙara basira, ya taimaki aikinku.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya