Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙidayar Hunturu, Fom ɗin Lokaci da Nisa, da Maganar Kuɗin Wata

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi, tare da gaisuwar ban girma ga iyayen ƙungiya.

Ga rahoton ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye na shekarar da ta ƙare. Ya zo a makare, kuma dalilin bai wuce fom-fom ɗin ƙidaya da na yi ta bi gida-gida ina karɓa ba. Wasu har yau ba su dawo hannuna ba.

Taron wata-wata ya gudana, ban da na watan azumi da wanda ruwan sama ya hana a Agusta. Bayanansu na cikin littafi ga mai son dubawa.

Abin da ya fi faranta mini rai a bana shi ne ƙidayar tsakiyar Janairu. Kun san ba mu muka zaɓi lokacin ba. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu, ƙungiyar kare dausayi ta Wetlands International ke tattara sakamakon, domin a lokacin baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun samu wurin zama sun natsu, ba za a ƙirga garke ɗaya a ƙasashe biyu ba. Fadamarmu ta Haɗeja-Nguru kuwa ba ƙaramin masauki ba ce gare su. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, a 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Mun tashi bayan sallar Asuba cikin sanyin da har hannu ba ya son riƙe biro. Muka kasu uku: masu kwalekwale, masu bin bakin ruwa a ƙafa, da masu babur ta gefen gonakin shinkafa. Sabon abin da muka gwada shi ne kowane rukuni ya ware mutum guda wanda muka kira mai agogo. Ba ruwansa da ƙirga tsuntsu. Aikinsa ya rubuta mintin da aka fara kallo, mintin da aka tsaya, da kilomitan da wayarsa ta auna. Da na kawo shawarar a taro wasu sun ce asarar ido ce, mu da ba mu da yawa. Ranar ta nuna ba asara ba ce.

Ni ina cikin kwalekwale. Hazo bai ɗaga ba sai da hantsi ya fara, amma tun kafin mu ga komai muna jin fiton kirinjijiya a kanmu, garke bayan garke. Da gari ya buɗe sai ga dinya a tsaye a bakin ciyawa, zalɓe jefi-jefi, can ciki kuma ƙananan agwagin Turai sun rufe ruwa. Masu babur suka ce share-fage ya cika fagen shinkafar da aka girbe, in ya tashi kamar hayaƙi. Dattijon da ya tuƙa mu, wanda ya tsufa yana su a wurin, shi ya nuna mana lungun da ba za mu taɓa ganowa da kanmu ba, kuma ya san inda zai tsaida kwalekwale tsuntsu bai firgita ba. Allah ya saka masa da alheri.

Mai agogonmu ɗaya ce daga cikin ɗaliban da suka shigo bara, kuma ina so a yaba mata a gaban kowa. Mun shiga wata mashiga, kacalla ta toshe hanya, dole muka juyo ta inda muka fito. Ta bar agogo yana tafiya tunda muna ci gaba da kallo, amma ba ta ƙara nisan dawowar ba, domin ruwa ɗaya muka bi sau biyu.  Da muka sauka karin kumallo ta rubuta lokacin tsayawa da na tashi ta cire shi. A rukunin masu ƙafa, da mutum biyu suka rabu da sauran suka zagaya wani kududdufi, mai agogonsu ya buɗe musu fom na daban. Da yamma muka zauna a gindin bishiya muka haɗa lissafi, awa nawa a ƙafa, nawa a ruwa, nawa a babur, kowanne da kilomitansa. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ban taɓa rufe ƙidaya babu gurbi ko ɗaya a fom ba sai ranar. Jimillar tana cikin takardar da na tura muku a WhatsApp.

Na san wasu sun gaji da ni a kan wannan magana, amma dole in sake ta. Idan bana muka ƙirga kirinjijiya fiye da bara, tsuntsun ne ya ƙaru, ko mu ne muka ƙara awa biyu a ruwa? In babu lokaci da nisa, ba mai iya amsawa. Ƙidayar Kirsimeti da ƙungiyar Audubon ke gudanarwa a Amurka ta faro tun 1900, kuma abin da ya sa masana ke iya gwada shekara da shekara da ita shi ne ana raba yawan tsuntsu da awannin da rukuni ya yi yana nema. Mu ma muna da abin da muke son nunawa. Iyayenmu suna faɗin yadda ambaliyar fadama ta ja baya bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kuma da idonmu muna ganin kacalla tana cinye hanyoyin ruwa. Ranar da za mu tsaya gaban hukuma mu ce tsuntsu ya ragu a wuri kaza, tambayar farko da za a yi mana ita ce awa nawa muka nema, kuma ina muka bi.

To, sauran fitowar hunturu, ta Nuwamba da Disamba da Fabrairu, ba su yi wannan kyau ba. A gurbin lokaci wani ya rubuta “safe zuwa rana”. A gurbin nisa wani ya sa “da ɗan dama”. Wani rukuni na mutum biyar ya yi awa uku ya rubuta awa 15. Mutum biyar da ke tafiya tare awa uku suka yi, yawansu yana da gurbinsa daban. Wani kuma ya karanta mitar babur tun daga ƙofar gidansa. An ce in cike guraben da kaina tunda na san wuraren, na ƙi, kuma na san akwai waɗanda suka ji haushi. Ban kasance a wurin ba, kuma lambar da aka ƙaga ta fi gurbin da aka bari ɓarna, domin mai karantawa zai ɗauka gaskiya ce. Sunayen tsuntsayen da ke cikin fom-fom ɗin na adana su, sai dai ba za su shiga lissafin gwada shekaru ba.

Haka muka yi asara a aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos, ke jagoranta. Cikakken katin rahoto yana buƙatar aƙalla awa biyu na kallo a cikin murabba'i ɗaya na taswirar, mai kusan kilomita 9 kowane gefe. Sau biyu muna tashi saura minti kaɗan, saboda motar haya muka ɗauka kuma kuɗin da ke hannunmu bai kai na jiran direba ba.

Wannan ya kawo ni ga abubuwan da ba a yi ba. Babban madubin hangen nesa mai ƙafa uku da muka yi alkawari bara ba a saya ba. Ziyarar makarantu sau ɗaya aka yi. Tafiyar Dagona an ɗage ta sau biyu, daga baya aka fasa. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sanyi. Kwamiti ba ya buga kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin kowace fita ya ninka, kuɗin watanmu kuwa yana nan yadda yake, kuma ko rabin sunayen da ke rajista ba su biya shi cikakke ba. Ladan mai kwalekwale na ranar Janairu daga aljihun ma'aji ya fito, har yanzu ba a mayar masa ba. Na kira waya, na tura saƙo, na je shagunan wasu da ƙafata. Akwai waɗanda ba mu gan su a taro ko a fadama ba shekara guda cur, amma da aka yi zancen riga mai tambarin ƙungiya su ne farkon turo lambar da za ta yi musu daidai. Wanda ke cikin matsi ya zo ya faɗa, ba wanda za a kunyata, mun taɓa yafe wa wasu. Shirun ne ke gajiyar da mutum.

A taro mai zuwa kwamiti zai gabatar da shawarar dakatar da duk wanda ya haura wata shida bai biya ba kuma bai kawo uzuri ba. Za kuma mu tsaida ranar koyon cike fom a Oktoba, kafin baƙi su fara sauka, kuma masu agogon Janairu ne za su koyar. Masu riƙe da fom ɗin Fabrairu su taho da su, masu bashi su ga ma'aji kafin a buɗe taro.

Wassalam.
Sakatare