An Ɓoye Mini Rasuwar Kakata Har Kwana Arba'in

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya mutanen gida? Allah ya ƙara basira. Ina bin shirinki ta Facebook daga nan Maleshiya, galibi sai washegari nake jin maimaici, saboda lokacin da kike fara magana a Gombe mu nan dare ya riga ya raba.

Ni 'yar fari ce a gidanmu. Iyayena suna cikin garin Gombe, amma a Kumo na tashi, a hannun kakata wadda ta haifi Umma. Dada muke ce mata. Tun da aka yaye ni ta ɗauke ni. Kin san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Umma ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" ce ko "waccan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, na sani. To amma kunyar da ake iya zama da ita a tsakar gida ɗaya, inda ido ke ganin ido, ta waya sai ta zama shiru kawai. In na kira Umma, gaisuwa ce, ya karatu, a yi ta haƙuri, sai ta miƙa wa ƙannena. Ba ma cika minti biyu.

Da Dada nake hira. A shekarar 2022 na zo Kuala Lumpur karatu, kuma tsakaninmu da gida awa 7 ne cur. In an idar da isha'i a Gombe, lokacin da kowa ke zaune, ni ƙarfe 3 na dare ne a wurina. Sai muka samo dabara. In ta gama lazimin asuba wajen ƙarfe 6, nan ƙarfe 1 na rana ke nan, ana shirin kiran azahar. Ɗan kawuna zai kai mata wayarsa, ta yi mini saƙon murya ta WhatsApp. Kullum da tsokana take farawa, wai kishiyarta ta gudu ta bar mata miji. Ta ba ni labarin wanda ya yi aure, wadda ta haihu, akuyar da ta ɓata, har kuɗin kwanon wake.

Kwatsam saƙo ya ɗauke. Na tambaya, aka ce wayar yaron ce ta faɗa ruwa. Bayan mako biyu aka ce Dada ta tafi ƙauye gaisuwa, can ba sabis. Na yarda, don ina tsakiyar jarrabawa. Ranar da na gane gaskiya, a status ɗin wata 'yar ƙanwar Umma na gani: hoton Dada, an rubuta yau sadakar arba'in. Ina zaune a cikin jirgin ƙasa, cikin mutanen da ba mai jin yarena. Ban ma san tashar da na sauka ba.

Baba ya ce shi ya hana a faɗa mini, har ya sa kowa ya yi alkawari, don kada in faɗi jarrabawa ko in ce sai na taho. Na san zuwan ba mai yiwuwa ba ne. Ba jirgin da ke tashi kai tsaye zuwa Najeriya, sai an yada zango a Doha ko Adis Ababa, sannan Abuja ko Kano, sannan hanyar Gombe, alhali gawa ba ta kwana. Ba jana'iza nake kuka ba. Abin da ke cin raina shi ne, kwana 40 ina kiran Umma ina tambayarta ya gida, tana cewa lafiya lau, uwarta na cikin kabari, ni ko "ya haƙuri" ban ce mata ba. Ƙawayena na makarantar sakandare duk sun je gaisuwa, kuma a cikin kwanakin nan suna turo mini hoton ankon biki a guruf ɗinmu kamar ba komai. Yanzu ko sallamarsu ba na iya amsawa.

Sai dai Anti, in zan yi adalci, ni ma maƙaryaciyar ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, abin da Baba ke turowa daga cinikin hatsinsa a Tudun Hatsi in an canza shi zuwa ringit, kuɗin Maleshiya, bai kai rabin na da ba. Ɗalibi baƙo kuma doka ba ta ba shi damar aiki sai lokacin hutu, shi ma awa 20 a mako. Akwai watannin da sau ɗaya nake cin abinci, shinkafa da ƙwai. Na yi zazzaɓi na kwana huɗu a kwance. Duk ban faɗa ba. In za mu yi bidiyo sai in shafa hoda, in zauna inda haske yake. Suna rufa mini, ina rufa musu, kowa na ganin tausayi yake yi.

Illar ita ce yanzu ban yarda da "lafiya lau" ba. In Baba ya yi tari a waya, ba na barci. In kwana biyu ban ji muryar autarmu ba, sai in shiga bin status ɗin dangi ɗaya bayan ɗaya ina neman hoto mai "Allah ya jiƙa". Karatun da aka yi ɓoyon dominsa, shi ne ya fara lalacewa.

Don Allah ki ba ni shawara. Ta yaya zan ce wa Baba kada a sake yi mini haka, ba tare da ya ga kamar ina tuhumarsa ba? In bi ta wajen kawu ne, ko in rubuta masa? Shin in fara fasa nawa ƙwan, in gaya musu halin da nake ciki, ko ƙara musu nauyi zan yi? Sannan Umma. Dada ce gadar da ke tsakaninmu, ga shi ta tafi. Da wace magana 'yar fari ke buɗe hira da uwar da ba ta kama sunanta?

Baba ba ya rasa shirinki, rediyonsa na nan rataye a rumfa. Ko kin ɓoye sunana, da ya ji Kumo da Maleshiya zai gane. Na rubuta "kada ki karanta a iska" na goge har sau uku. Na bar miki zaɓi.

Wassalam,
'Yarki daga Kuala Lumpur