Zuwa ga masu kawo mana gyaran jirage a Dadin Kowa

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu masunta da masu fito.

Maganar da ake yi a bakin dam ta iso mana, gara kuma ku ji daga bakinmu. Gaskiya ne, wasu jiragen ƙarfe da muka yi wa fenti kafin damina sun sake yin tsatsa, musamman a ƙashin bayan jirgi, dogon ƙarfen nan na ƙasa da ke gogar yashi da dutse in an ja jirgi gaɓa. Ni da kaina na kwanta ƙarƙashin ɗaya na sa farce, fentin ya taso kamar ɓawon albasa, jan ruwa na bin hannuna. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Amma masu cewa a kan tsatsa muka shafa fenti, wallahi ba su yi mana adalci ba. Wanda ya taɓa zama a rumfarmu ya san yadda muke aiki. Sai mun kife jirgi ya bushe, mu gurje tsatsar da inji har ƙarfe ya yi fari, mu bi lungu da burushin waya, mu goge da tina, ruwan nan na tsinka fenti. Jan fentin farko kuwa ranar muke shafa shi, don ƙarfen da aka gurje in ya kwana ya sha raɓa, da safe ya soma ja. Haka marigayi mahaifinmu ya koya mana, ba mu sauya ba.

Fentin ne ya ci amanarmu. Dilan da muka daɗe muna saye a wurinsa ya aiko mana galan-galan, gwangwani iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ashe an tsinka shi. Mun ga ya yi ruwa-ruwa, ya ce zafin rana ne, muka yarda saboda sabo. Ku kuma duba halin da ake ciki: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga nan ba ta sake waiwaye ba. Ga dam mai ba da wutar lantarki megawat 40 a gefenmu, amma injin gurza da janareta muke juya shi. Duk da haka sau nawa muka ƙara muku kuɗi? Ku ne shaida.

Muna kan magana da dilan, muna kuma neman wata hanyar. Wanda abin ya shafa ya leƙo shago mu zauna, za mu san abin yi in ruwa ya ɗauke, in sha Allahu.

Baba Sarkin Ruwa, tun ina miƙa wa mahaifinmu sandar walda kake kawo mana aiki, Allah ya ƙara girma. Alhajinmu na Deba da ya biya kuɗin jirgi biyu tun kafin mu taɓa su, ba mu manta ba. Mun ji wasu sun fara kai nasu Gombe. Ba mu riƙe kowa ba, sai dai kuɗin motar ɗaukar jirgi zuwa can ma abin lissafi ne.

Rumfa na nan a buɗe daga bayan sallar asuba.

Naku,
Masu shagon walda da fenti, Dadin Kowa