Takardar Koke Kan Direbobin da ke Matse Masu Keke a Hanyar Gwarzo

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Rimin Gado,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Sarki lafiya. Mu talakawanka mazauna ƙauyukan bakin hanyar Kano zuwa Gwarzo muna gaisuwa da ban girma, muna kuma neman afuwa idan harshenmu ya yi kaifi.

Ranar Laraba da hantsi, wani dattijonmu ya ɗauro kayan miya a keke zai kai kasuwar Janguza. Tipar yashi ta zo wuce shi, ga wata mota ta taho daga gaba, direban bai taka birki ba, sai ya matso gefe. Jikin tipar ya kama kwandon, dattijon ya faɗa rami, cinyarsa ta karye. Direban ko waiwaye bai yi ba. Mutumin da ke ciyar da iyali da wannan keken yanzu yana kwance an ɗaure masa ƙafa, tumatirinsa kuma tayoyi sun markaɗe shi a kwalta.

Ranka ya daɗe, mun sha kai kuka. Mun je tasha, mun zauna da manyan direbobi, an yi alkawari, an sha addu'a, an watse. Direba dai yana ganin idan ya danna hon ya gama nasa, saura mai keke ya san inda zai faɗa. To ina zai faɗa? Damina ta cinye gefen titin. 'Ya'yanmu 'yan makaranta a nan suke bi safe da yamma.

Muna roƙon Mai Girma ya kira shugabannin ƙungiyar direbobin tipa da na motocin haya ya ja musu kunne a gabansa: idan babu sarari, direba ya rage gudu ya bi bayan mai keke har hanya ta buɗe. Muna roƙon a yi wa Hukumar Kiyaye Haɗurra da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, magana su riƙa tsayawa a ranakun kasuwa. A Ingila, tun 2016 'yan sandan West Midlands suka fara sa jami'i ya hau keke da farin kaya, duk direban da ya wuce shi ba tare da barin mita ɗaya da rabi ba a tare shi a gaba. A nan ma a gwada haka: keke muna da shi, za mu ba jami'anmu aro.

A kuma cike gefen titin, a sa limamai su faɗakar ranar Juma'a. Sannan, ranka ya daɗe, a nemo mana direban nan. Tipar da ke ɗibar yashi a wannan hanya ba baƙuwa ba ce, masu lodi sun san ta.

Allah ya ƙara girma.

Talakawanka,
Masu keke da iyayen yara na bakin hanyar Gwarzo